Ingancin Birekar Lantarki Yana Farawa Ne Daga Yadda Aka Haɗa Azurfa Da Tangistin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi bayani a kan wani al'amari da ya shafi sana'ata ta aikin lantarki a masana'antu, wanda a ido ƙarami ne ƙwarai, amma rayuka da dukiya suna rataye a wuyansa. Duk lokacin da gobara ta tashi a kasuwa ko a kamfani, bayanin da aka fi ji shi ne cewa matsalar wutar lantarki ce ta haddasa ta, daga nan kuma maganar ta mutu. Ba safai ake tambayar abin da ya hana bireka yanke wutar tun kafin waya ta kama ba, alhali don wannan aikin kaɗai aka saye ta aka ɗaura a bango. A cikin kowace babbar bireka akwai wasu 'yan ƙwayoyin ƙarfe da muke kira kwantak, waɗanda ke haɗuwa bibbiyu su ba wuta hanya, su rabu su yanke ta, galibi ba su wuce girman farcen ɗan yatsa ba, kuma da yawa daga cikinsu da azurfa da wani ƙarfe mai suna tangistin ake yin su. Abin da nake so masu saye da masu sa ido su fahimta shi ne, sanin adadin azurfa da tangistin da ke cikin kwantak bai isa ya nuna ingancinsa ba. Kwantak biyu za su iya zama da awo iri ɗaya, kashi 65 na tangistin da kashi 35 na azurfa, ɗaya ya yi shekaru yana aiki lafiya, ɗaya kuwa ya tsage ko ya manne a ranar farko da aka buƙace shi, kuma bambancin yana cikin hanyar da masana'anta ta bi wajen ƙera su.

Aikin kwantak iri biyu ne, kuma suna karo da juna. Idan bireka tana rufe, ana so wuta ta ratsa shi ba tare da ya yi zafi ba. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Ragnar Holm, wanda ya yi aiki a kamfanin Siemens a Jamus kafin ya koma Amurka, shi ne ya fayyace cewa ƙarafa biyu da aka haɗa fuska da fuska ba sa taɓa juna sai a wasu 'yan ɗigo ƙalilan, kuma ta waɗannan ɗigon ne duk wutar ke matsewa ta wuce. Saboda haka duk wani datti ko tsatsa da ya hau wurin zai zama zafi. Idan kuma wayoyi suka haɗu, abin da muke cewa shot, dubban amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bin waya, ne ke kwarara cikin ƙiftawar ido, kuma a daidai lokacin da kwantak biyun ke rabuwa wani harshen wuta yakan tsaya a tsakaninsu, irin wanda mai walda ke narka ƙarfe da shi, zafinsa kuwa yakan haura digiri 5,000. Ana so kwantak ya jure wannan wutar, kada ya narke ya zube, kada kuma ya manne da ɗan'uwansa.

Babu ƙarfe ɗaya tak da ke iya ɗaukar waɗannan nauye-nauye biyu. Azurfa ta fi kowane ƙarfe saurin ratsa wutar lantarki da zafi, kuma ba ta tsatsar da za ta tare wuta, amma tana da laushi, tana narkewa a digiri 962, tana kuma tafasa a wajen digiri 2,160. Tangistin kuwa ba ya narkewa sai an kai digiri 3,422, wanda babu ƙarfen da ya kai shi, shi ya sa aka yi zaren ƙwan lantarki irin na da da shi, kuma tsofaffin kanikawa sun san shi a jikin kwantak ɗin distirbuta na motoci irin su Fijo 504. Sai dai ratsa wutarsa ba ta kai kashi ɗaya bisa uku na azurfa ba, kuma idan ya yi zafi a cikin iska yakan yi tsatsa mai tare wuta. Da a ce za a iya narka su a tukunya guda a zuba a mazubi, kamar yadda ake haɗa jan ƙarfe da sauran ƙarafa, da maganar ta zo da sauƙi. Amma azurfa da tangistin ba sa narkewa cikin juna ko kaɗan, kuma tun kafin tangistin ya fara laushi azurfar ta riga ta tafasa ta zama tururi. Dole ne a bi ta hanyar gari, a niƙa, a matse, a gasa. Abin da ake samu a ƙarshe ƙarafa biyu ne zaune kafaɗa da kafaɗa, kowanne da halinsa, kuma yadda suka zauna ɗin shi ne kusan komai.

Maganar tana farawa tun daga garin tangistin ɗin. Wasu 'yan'uwa biyu 'yan ƙasar Sifen, Juan José da Fausto Elhuyar, su suka fara ware wannan ƙarfe a 1783, kuma har yau ba a samunsa ta hanyar narka dutse. Ana tace ma'adinin ya zama wani gishiri, a gasa gishirin ya zama gari mai launin rawaya ko shuɗi, sannan a bi da shi ta cikin tanderu mai iskar haidirojin, wadda ke janye iskar oksijin ta bar ƙarfen tsantsa. A wannan tanderun ne ake yanke girman ƙwayoyin garin. Idan zafin ya yi yawa, aka cika kwanon da gari da kauri har danshi ya taru a ciki, ƙwayoyin sukan fito manya, idan kuma aka rage zafi aka bar busasshiyar iska tana wucewa sosai, sai su fito ƙanana. Ana auna su da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita, kuma masu yin kwantak sukan zaɓi gari daga wajen maikiron ɗaya zuwa 'yan maikiron kaɗan sama da haka.

Hanya mafi sauƙi kuma mafi araha ita ce a gauraya garin azurfa da na tangistin, a zuba a mazubin ƙarfe a matse da inji, a gasa a zafin da bai kai na narkewar azurfa ba, sannan a sake matsewa don a toshe ramukan da suka saura a kuma daidaita girma. Wannan hanya tana da amfaninta, domin tana fitar da kwantak daidai awo, kuma ita ta fi dacewa idan azurfar ce ta fi yawa. Amma tana da rauni guda biyu da ba a ganinsu da ido. Na farko, a irin wannan zafin ƙwayoyin tangistin ba sa kama juna, kowace tana zaune ne ita kaɗai a cikin azurfa, saboda haka da zarar harshen wuta ya narka azurfar babu abin da ke riƙe su, sai su tarwatse tare da ita. Na biyu, matsi na biyun yana murƙushe ramuka ne kawai, ba ya kawar da su, kuma iskar da ta maƙale a ciki takan kumbura idan ta ji zafi ta fasa fuskar kwantak ɗin. Ga kuma wahalar gaurayawa, domin nauyin tangistin ya kusa ninka na azurfa, giram 19.3 a kowace kubik santimita, ita kuwa giram 10.5, don haka idan ba a yi hattara ba garin mai nauyi yakan koma ƙasa tun kafin a kai ga matsewa.

Akwai masu ɗaga zafin tanderun ya wuce digiri 962 domin azurfar da ke cikin gaurayen ta narke ta cike guraben da kanta. Wannan yana rage ramuka, amma ƙwayar takan tsuke ta canza siffa, wani lokaci kuma azurfar ta tsattsafo waje ta bar cikin da ƙaranci.

Hanyar da ta fi kowace inganci ga kwantak mai tangistin da yawa, wato daga kashi 50 zuwa wajen 80, ita ce ta shayarwa, kuma a kanta nake so in ɗan tsaya. Da farko ana matse garin tangistin, shi kaɗai ko da 'yar azurfa kaɗan, da ƙarfin da aka lissafa don ya bar adadin ramukan da ake so. Sai a gasa shi cikin iskar haidirojin a zafin da ya haura digiri 1,000, har ƙwayoyin su kama juna a inda suka taɓa, a samu wani ƙashi mai tauri wanda ramukansa ke haɗe da juna tun daga sama har ƙasa. Daga nan sai a ɗora masa gutsuren azurfa da aka auna, a mayar da shi tanderu, azurfar ta narke, ƙashin ya tsotse ta kamar yadda lagwani ke jan kananzir, har ta cike kowane lungu. Idan aikin ya yi kyau, kwantak ɗin yakan fito kusan babu rami a cikinsa, da saƙa biyu a sarƙe da juna: ta tangistin mai riƙe siffa, da ta azurfa mai ɗaukar wuta da zafi. A nan ne lissafin awo ke ba da sha'awa, domin kashi 65 na tangistin a ma'aunin nauyi kusan rabi ne kacal a ma'aunin girma, wato rabin jikin kwantak ɗin azurfa ce, rabi tangistin, shi ya sa wannan awon ya zama ruwan dare a manyan birekoki.

Sai dai wannan hanya ba ta yafe sakaci. Narkakkiyar azurfa ba ta bin jikin tangistin idan akwai tsatsa a kansa, komai ƙanƙantarta, sai ta dunƙule ta ƙi shiga, shi ya sa dole iskar tanderun ta zama busasshiya kuma tsaftatacciya. Masu ƙera kwantak sukan ƙara ɗan nikel, yawanci ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari, domin yana sa tangistin ya kama juna a zafi mai sauƙi, yana kuma taimaka wa azurfa ta bi jikinsa. Amma idan nikel ɗin ya yi yawa, ko aka bar ƙashin ya daɗe a wuta, ko aka matse shi fiye da kima tun farko, wasu ramukan sukan toshe ta kowane gefe, azurfa ba za ta taɓa isa gare su ba, sai su zauna fanko a tsakiyar kwantak ɗin. Idan kuma aka gaggauta fitar da shi don a rage kuɗin wuta da iskar gas, gefuna za su sha azurfa tsakiya ta zauna a bushe. Duk waɗannan kurakurai, idan an goge fuskar kwantak ɗin tana ƙyalli, babu mai iya gane su a kanti. Sai an yanka shi an goge yankan an sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sannan a ga tangistin toka-toka, azurfa fara a tsakaninsa. A mai kyau, farin da tokar sun watsu daidai ko'ina. A maras kyau, za a ga tafkunan azurfa a wani gefe, curin tangistin a wani gefe, da baƙaƙen ɗigo na ramuka.

Ranar da shot ya faru ne ake cin ribar wannan wahala ko a biya bashin gudunta. A kwantak ɗin da ya sha azurfa yadda ya kamata, harshen wuta yakan narka azurfar da ke fuska, wani sashe ya tafasa ya tashi, kuma tashin nasa yana ɗauke zafi mai yawa daga jikin tangistin, ƙashin kuwa yana riƙe sauran narkakkiyar azurfar a cikin ramukansa bai bar ta ta fantsama ba. Saƙar azurfar da ke ƙasa tana janye zafin zuwa jikin hannun jan ƙarfen da kwantak ɗin ke kai. A wanda ke da tafkunan azurfa kuwa, wurin da tafkin yake shi ke narkewa gaba ɗaya, kuma idan kwantak biyun suka sake haɗuwa kafin ya huce, sai su manne. Birekar da kwantak ɗinta ya manne ta fi rashin bireka haɗari, domin mai gida yana ganin hannunta a bango yana zaton yana da kariya.

Girman ƙwayoyin garin nan da aka yanke tun a tanderun farko shi ma a nan yake nuna kansa, kuma babu amsa guda da ta dace da kowane aiki. Gari mai laushi yana ba da kwantak mai tauri, mai ƙananan ramuka da ke riƙe azurfa gam, don haka ba ya saurin cinyewa. Amma azurfa tana buɗewa da zafi kusan ninki huɗu na yadda tangistin ke buɗewa, kuma idan ƙashin ya cika tauri ba ya iya sassautawa, sai wannan ja-in-ja ya tsaga shi, tsagar ta yi ta nitsewa har wani ɓangare ya ɓalle. Gari mai tsakuwa ya fi jure tsagewa, amma ya fi saurin zubar da azurfarsa. Kamfanin da ya san aikinsa yakan zaɓi girman gari gwargwadon irin birekar da yawan wutar da za ta yanke, ya kuma tsaya a kan wannan zaɓin daga kaya zuwa kaya. Wanda ke sayen duk garin da ya samu da araha a wannan watan ba zai iya ba da tabbacin cewa kwantak ɗinsa na bana daidai yake da na bara ba, ko da kuwa takardar awo ba ta canza ba.

Akwai wata illa da ke tattare da wannan haɗin ko da an ƙera shi da kyau, kuma ya kamata a faɗe ta. Duk lokacin da aka buɗe kwantak yana ɗauke da lodi, 'yar azurfa takan tashi, fuskar ta ƙara zama tangistin, shi kuma ya haɗu da iska ya yi tsatsa, har ma tsatsar ta haɗu da azurfar su zama wani ɓawo mai kama da gilashi wanda wuta ba ta ratsa shi da sauƙi. Na taɓa buɗe wata bireka mai amfiya 400 a wani injin casar shinkafa, wadda masu wurin suka ce tana faɗuwa ba dalili da tsakar rana. Murfinta ya yi launin ƙasa-ƙasa a daidai saitin layi ɗaya daga cikin layukanta uku, robar wayar da ke shiga wurin ta bushe tana farfashewa a hannu. Da na ɗaga hannun kwantak ɗin, sai na ga fuskarsa ta yi baƙi da wani ɓawo mai ratsin rawaya da kore, ga tsaga ta ratsa shi daga gefe zuwa gefe, wani lungu kuma ya ɓalle har ana hango jan ƙarfen da ke ƙasa. Sauran layuka biyun, da suka yi aiki iri ɗaya a tsawon lokaci ɗaya, sun yi duhu amma suna nan sumul. Birekar ba lodi ne ya yi mata yawa ba, zafin da wannan kwantak ɗaya ke haifarwa ne ke ruɗin ma'aunin zafin da ke cikinta. Saboda irin wannan ɓawon ne masu ƙera bireka sukan sa sifirin mai ƙarfi, su kuma tsara hannun yadda zai ɗan goga fuskar a duk rufewa, da yawa kuma sukan haɗa kwantak na azurfa da tangistin a hannu mai motsi da na azurfa da girafait, irin baƙin da ke cikin fensir, a ɓangaren da ke tsaye, wasu kuma su yi amfani da tangistin kabaid, wato haɗin tangistin da sinadarin kabon, wanda ya fi jure tsatsa. Kwantak mai ramuka ya fi saurin yin ɓawon, domin iska da danshi suna samun hanyar shiga cikinsa.

Ko liƙa kwantak a jikin hannunsa wani mataki ne na ƙira da ke iya ɓata duk abin da ya gabata. Masu bin hanyar shayarwa sukan bar rarar azurfa a bayan ƙwayar da gangan, sau da yawa da 'yan tsage-tsage, domin dalmar liƙi ta kama da kyau. Idan liƙin ya bar gurabe, zafi ba ya samun hanyar fita, kuma a ranar shot ƙwayar tana iya ɓallewa ɗungurungum. Idan kuma aka zafafa hannun fiye da kima wajen liƙin, jan ƙarfen yakan yi laushi ya lanƙwashe daga baya. Manyan masana'antu da na'urar sauti suke duba wannan liƙin.

Masu bincike suna ta gwada wasu hanyoyin, kamar lulluɓe kowace ƙwayar tangistin da azurfa ta hanyar sinadari kafin a matse, ko niƙa garin biyu tare a cikin ganga mai ƙwallayen ƙarfe, ko gasawa da matsi da wutar lantarki a lokaci guda cikin 'yan mintoci. Duk burinsu ɗaya ne, azurfa ta watsu daidai kuma ramuka su ragu, amma har yanzu shayarwa ce ginshiƙin abin da ke kasuwa.

Dalilin da ya sa na ga ya dace a yi wannan magana yanzu shi ne tsadar da ƙarafan biyu suka yi. Ƙasar Sin ce ke haƙo kusan kashi 80 cikin ɗari na tangistin ɗin duniya, kuma a watan Fabrairun 2025 ta sanya sharuɗɗan neman izini kafin fitar da shi. A watan Oktoban 2025 kuma farashin azurfa ya haura dala 50 a kan kowane oza. Idan kaya suka yi tsada haka, mai neman rage kuɗi yana da ƙofofi da yawa da mai saye ba zai gani ba: ya rage kaurin ƙwayar, ya bar shayarwa ya koma gauraya da matsewa, ya taƙaita zaman tanderu, ko ya sa jan ƙarfe a madadin wani sashe na azurfar. A jabun kaya ma akan tarar da ƙusa ce kawai ta jan ƙarfe ko baƙin ƙarfe aka shafa mata ruwan azurfa. Mu kuwa kusan duk birekokinmu daga waje ake shigo da su, kuma yanayin da suke aiki a ciki ya fi na ƙasashen da aka ƙera su tsanani. A Kano da Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan haura digiri 40 a inuwa, balle a cikin akwatin ƙarfe da ke ɗakin inji, ga ƙurar hunturu, ga danshin damina. Sannan saboda yawan ɗaukewar wuta da komawa kan janareta ko sola, mutane da yawa sun mayar da babbar bireka makunnin yau da kullum, ana kashe ta ana kunna ta da lodi a kai sau da yawa a yini. Ba don haka aka yi kwantak na azurfa da tangistin ba. An yi shi ne ya zauna a rufe ya jira ranar haɗari, aikin kunnawa da kashewa kuwa na kwantakta ne, wato makunnin manyan injuna, da canjoba mai sauya layi tsakanin wutar gari da janareta, waɗanda ake yi musu kwantak da wasu haɗe-haɗen azurfa dabam.

Ba ina cewa kwantak ne ke haddasa yawancin gobarar da muke gani ba. Siririyar waya, da haɗin da bai ɗauru ba, da lodin da ya wuce kima, da ɗaure fiyus da waya, su ne a sahun gaba, kuma ƙananan birekokin gida da yawa ma ba da tangistin ake yin nasu kwantak ɗin ba. Amma bireka ita ce kariya ta ƙarshe idan duk waɗancan sun faru, kuma manyan da ke tsaron kasuwanni da asibitoci da masana'antu su ne suka dogara da wannan haɗin.

Saboda haka ina kira ga injiniyoyi da 'yan kwangila da masu sayen kaya wa ma'aikatu da su daina tsayawa a kan adadin amfiya da farashi kawai, domin araha ba ta ado. Su nemi shaidar cewa an gwada irin wannan birekar bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60947-2 a ɗakin gwaji mai zaman kansa, su kuma duba alƙaluma biyu da ke jikinta, Icu da Ics, domin na farkon yana nuna mafi girman wutar da za ta iya yankewa, na biyun kuwa yana nuna wadda za ta yanke kuma ta ci gaba da aiki bayan haka, kuma a na biyun ne ingancin kwantak ya fi bayyana. Masu sayen kwantak na canji su tambayi hanyar da aka bi wajen ƙera shi da nauyinsa a kowace kubik santimita, akwai ma ƙa'idar Amurka mai lamba ASTM B631 da aka rubuta musamman don kwantak na azurfa da tangistin. 'Yan'uwana masu gyara kuma su rage saurin kai fayil ko sanfefa kan kwantak, domin gogewa tana cire ɓawo amma ba ta mayar da azurfar da ta tashi, ba ta kuma rufe tsaga, a kan jabu kuwa ɗan ruwan azurfar da ke kai take kankarewa. Auna zafin kowane layi da na'ura yayin da bireka ke ɗauke da lodi ya fi gaya wa mutum gaskiya.

Ga hukumar SON mai kula da ingancin kaya, da hukumar NEMSA da doka ta ɗora wa duba kayan lantarki, shawarata ita ce a riƙa ɗaukar samfuri daga kasuwa ana farke shi, domin takarda tana iya zama ta gaske alhali kayan da ke cikin kwali wani ne dabam. Gwajin farko ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Idan aka cire ƙwayar aka kankare dalmar liƙinta, aka auna nauyinta a iska aka kuma auna a cikin ruwa, za a san nauyinta a kowace kubik santimita. Mai kashi 65 na tangistin ya kamata ta kusanci giram 14.9, mai kashi 50 kuwa giram 13.6. Idan wadda aka ce mai kashi 65 ce ta tsaya a giram 14, to ko dai kusan kashi 6 cikin ɗari na jikinta rami ne, ko kuma awon da aka rubuta ba gaskiya ba ne, kuma yanka ta a duba da madubi tare da gwajin sinadari zai raba gardama. Sashen nazarin ƙarafa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Cibiyar Bunƙasa Ƙarafa ta Ƙasa da ke Jos wurare ne da irin wannan aiki ya dace da su, kuma ɗaliban kwalejojin fasaha za su amfana idan aka sa su yanka ƙonannun kwantak suna gani da idonsu. Dutsen da ake samun tangistin a cikinsa yana nan tare da kuza a Riruwai ta Jihar Kano da wasu sassan Bauchi da Filato, ana haƙa ana fitar da shi ɗanye, saboda haka koyon sarrafa garin ƙarfe ilimi ne da muke da dalilin nemansa. Kafin a kai can, ina roƙon wannan jarida da ta riƙa tura wakilanta su tambayi jami'an kashe gobara da masu bincike, a duk gobarar da aka danganta da lantarki, ko an ciro birekar wurin an buɗe ta, da kuma halin da aka tarar da kwantak ɗinta a ciki.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka.

Naku,
Wani ma'aikacin lantarki a masana'antu,
Kano.